Tuffa, Kyandir da Gilashi: Tarihin Adon Gida da Teburin Kirsimeti a Turai

A tsakiyar watan Disamba, rana a birnin Landan ba ta cika awa takwas a sama. Sai wajen ƙarfe takwas na safe take fitowa, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. In aka ƙara nausawa arewa, duhun ya fi haka tsawo. Gona takan mutu ɗungurungum, itatuwa su zubar da ganye, ciyawa ta shige ƙarƙashin ƙanƙara. Manomin Turai na dā, tun daga Nuwamba yake yanka dabbobin da ya san ba shi da abin ciyar da su har fitar sanyi, ya barbaɗa musu gishiri ya rataye. Saboda haka Disamba wata ne da nama ya fi yawa a gida, aikin gona ya tsaya, rumbu bai riga ya yi ƙasa ba, amma kowa ya san watannin yunwa suna nan gaba. A wannan ɗan tsakani ne mutanen can suka saba shigo da ɗanyen ganye cikin ɗaki, su kunna wuta, su shimfiɗa abinci fiye da na kullum. Duk adon da ake gani yau a hotuna da talabijin daga nan ya tsiro, kuma mafi yawansa a asali abin ci ne.

Al'adar ta girmi Kirsimeti. Rumawa suna da bikin Saturnalia, wanda ke farawa ranar 17 ga Disamba, daga baya aka ja shi har 23 ga wata. A kwanakin ana ba juna kyautar kyandir, ana sassauta wa bayi har su ci abinci tare da iyayengijinsu. Rataya ganye da kunna fitila a bakin ƙofa kuwa abu ne da Rumawa ke yi a bukukuwansu, kuma malaman Kirista na farko ba su so shi ba. Tertullian, malamin nan na Carthage a Afirka ta Arewa, wajen shekara ta 200 ya yi wa mabiyansa faɗa a kan haka, yana ganin kwaikwayon masu bautar gumaka ne. Shaida mafi tsufa da ke nuna an yi bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum take, a shekara ta 336. Bikin ya zo ya tarar da ganye da fitila a ƙofa, sannu a hankali ya ɗauke su.

A zamanin tsakiya, gidajen Ingila da majami'unsu duk da ganyen da ba ya bushewa ake ƙawata su, musamman holi mai ƙayoyi da jajayen 'ya'ya, da aibi mai yaɗo a bango. John Stow, wanda ya rubuta bayanin birnin Landan a 1598, ya ambaci yadda ake lulluɓe gidaje da majami'u har da famfunan titi da irin wannan ganye. Ba a sayensa da tsada, a bakin daji ake yankowa. Abin da ke cin kuɗi shi ne teburi. A gidajen manya ana shigo da kan aladen daji a kan babban faranti, ana rera waƙa a gabansa, kuma wata kwaleji a Oxford, Queen's College, tana yin haka har yau.

Sai dai kafin shagalin akwai azumi. Makonnin da ke gaban Kirsimeti lokacin kame baki ne, coci ta hana nama da madara da man shanu. Wannan ya sa burodin biki na ƙasar Saxony, wanda ake kira Stollen, ya fara rayuwarsa a matsayin abu marar armashi: gari da ruwa da yisti da ɗan man girki. Sarakunan ƙasar suka kai kuka wurin Fafaroma, a 1491 Fafaroma Innocent na Takwas ya ba da izinin sa man shanu, bisa sharaɗin masu amfani da izinin su biya wani abu don ginin cocin Freiberg. Daga nan burodin ya fara ƙiba, aka riƙa ƙara masa zabibi da ɓawon lemo da sukari. Kasuwar da ake sayar da shi a Dresden, Striezelmarkt, tun 1434 take ci, kuma a farkonta kasuwar nama ce ta yini ɗaya, don mutane su sayi abin buɗe baki.

Bishiyar Kirsimeti kanta daga baya ta zo, kuma daga yanki guda: Alsace da kewayen kogin Rhine. A can, ranar 24 ga Disamba ranar tunawa da Adamu da Hauwa'u ce, ana yin wasan kwaikwayo a gaban coci, a kafa itace a rataya masa tuffa a matsayin bishiyar Aljanna. A tsakiyar hunturu itacen da ke da ganye shi ne fir, mai ganye siriri kamar allura. A littafin kuɗi na garin Sélestat na 1521 an rubuta ladan da aka biya masu gadin daji don su tsare itatuwa daga ranar 21 ga Disamba, alamar cewa masu sara sun riga sun yi yawa. A Bremen, a 1570, wata ƙungiyar masu sana'a ta kafa ƙaramar bishiya da tuffa da dabino da 'ya'yan itace masu ɓawo da furannin takarda, aka bar yaran 'yan ƙungiyar su girgiza ta su cinye. Wani da ya ziyarci Strasbourg a 1605 ya ga irinta a cikin ɗakunan mutane, ɗauke da furannin takarda masu launi da tuffa da siririn biskit da sukari. A lura da jerin nan. In ka cire takarda, duk abin da ya rage ana ci. Bishiya wani teburi ne a tsaye, kuma ƙarshenta shi ne yara su far mata.

Biranen Tallinn da Riga su ma suna cewa su suka fara, a 1441 da 1510, da itacen da 'yan kasuwa ke kafawa a dandali su yi rawa kewaye da shi. Labarin da ake yawan bayarwa cewa Martin Luther ne ya fara ɗora kyandir a kan bishiya kuwa, masana tarihi ba su sami abin da ke tabbatar da shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne malaman addini sun yi ta ƙorafi. Johann Dannhauer, mai wa'azi a babban cocin Strasbourg, a shekarun 1640 ya kira abin wasan yara da ke ɗauke hankali daga maganar Allah. A Ingila abin ya wuce ƙorafi. Majalisar da masu tsattsauran ra'ayin Puritan suka mamaye ta soke bikin a 1647, aka umarci 'yan kasuwa su buɗe shaguna. A Canterbury tarzoma ta ɓarke, a Landan kuwa matasa suka lulluɓe wani famfo da ganye, magajin gari ya fito da kansa don a cire. Sai da sarauta ta dawo a 1660 bikin ya dawo. A Massachusetts ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, wanda aka kama yana bikin sai ya biya tarar sule biyar. Ni dai abin da nake gani a nan shi ne talaka bai taɓa ɗaukar ganyen nan a matsayin ƙaramin abu ba. Mutum ba ya fito-na-fito da hukuma a kan abin da bai kai masa zuci ba.

Kyandir a kan bishiya daga gidajen sarauta ya fito, domin kyandir na kakin zuma kayan masu hali ne. Gimbiya Liselotte ta Palatinate, wadda aka aurar da ita fadar Faransa, a wata wasiƙa ta 1708 ta tuna yarintarta a Hanover: ana shirya wa kowane yaro teburinsa da kyaututtukansa, a ɗora ƙaramar bishiya a kai, a maƙala kyandir a rassanta. Daga nan sai auratayyar sarakuna ta yi aikinta. 'Ya'yan sarakunan Jamus sun bazu a fadojin Turai, kowace ta tafi da al'adar gidansu. Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na Uku, ta kafa bishiya a Windsor a 1800, ta tara yara ta raba musu alewa da zabibi da kayan wasa. A Vienna, bishiya ta farko da aka rubuta labarinta a gidan Fanny von Arnstein take, a 1814, Bayahudiya ce 'yar Berlin, kuma daga rahoton 'yan sandan ciki aka san da zancen.

Abin da ya fitar da ita daga fada zuwa gidan akawu da ɗan kasuwa hoto ne guda. A Disamban 1848 jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu, suna tsaye kewaye da bishiya a Windsor. Bishiyar a kan teburi take, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, kyaututtuka a gindinta, 'yan kwanduna na alewa a rassanta. Bayan shekara biyu mujallar Godey's Lady's Book ta Philadelphia ta sake buga zanen, ta cire wa sarauniya kambinta, ta aske wa Albert gashin baki, suka koma kamar kowane iyali na Amurka. A Jamus kanta yaƙi ne ya ƙarasa yaɗa ta: a yaƙin Faransa da Prussia na 1870 zuwa 1871 an kafa bishiyoyi a barikoki da asibitocin soja, waɗanda suka rayu suka koma garuruwansu da al'adar. Mutanen Alsace da suka yi ƙaura bayan Jamus ta haɗiye ƙasarsu su ma suka shiga da ita cikin Faransa.

Hoto kaɗai ba zai wadatar ba in kyandir na nan da tsadarsa. A nan ne labarin ya taɓo gaɓar Afirka ta Yamma. Bayan da masanin kimiyyar Faransa Michel Chevreul ya gano yadda ake ware sinadarin da ke daskarewa daga kitse, Birtaniya kuma ta soke harajin kyandir a 1831, kamfanin Price's na Landan ya shiga yin kyandir mai tsabta da araha da manja. Manjan da Birtaniya ke shigowa da shi a lokacin, mafi yawansa daga kogunan Bonny da Kalaba yake. Matan da suka daka kwakwa suka tace man nan ba su san zai ƙare a kan reshen fir a wani falo a Landan ba, kuma littattafan da ke yabon bikin zamanin Victoria ba su cika tunawa da su ba.

Wasu daga cikin kyawawan kayan adon daga hannun marasa ƙarfi suka fito kai tsaye. A Hamburg akwai wani malamin coci, Johann Hinrich Wichern, da ke riƙe da gidan yara marasa galihu. Yaran kullum suna tambayarsa saura kwana nawa. A 1839 ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki ta katako, ya jera mata manyan fararen kyandirori huɗu na ranakun Lahadi da ƙananan jajaye na sauran ranaku, kowace rana a kunna ɗaya. Wannan shi ne asalin zoben ganye mai kyandir huɗu da ake ɗorawa a tsakiyar teburi a Jamus. A tsaunukan Erzgebirge kuwa, masu haƙar azurfa da kuza ne. A hunturu suna shiga rami da duhu, su fito da duhu, sai mako ya wuce ba su ga rana ba. Da ma'adinan suka fara ƙarewa, suka koma sassaƙa. Daga ƙauyukansu, musamman Seiffen, aka sami bakan kyandir da ake ajiyewa a taga, da dala mai hawa-hawa wadda zafin kyandir ke juyawa, da mutum-mutumin fasa ƙwaya mai fuskar soja. A daren jajibiri kuma suna da ƙa'idar abinci kala tara, kowanne da fatan da ke tare da shi, a bar burodi da gishiri a kan teburi su kwana.

Teburin manya shi ma yana ta canza kama. Har ƙarni na 18, abin da ke tsakiyarsa gine-gine ne da mutum-mutumi na sukari, waɗanda ake fasawa a ci ko a zubar. A 1710 Sarki Augustus na Saxony ya kafa masana'antar tangaran a Meissen, ta farko a Turai da ta iya irin na Sin, sai tangaran ya maye gurbin sukari. Kayan cin abinci da aka ƙera wa Brühl, wazirin ɗansa, daga 1737 sun haura guda 2,000. Wanda ya san jeren amarya ya san manufar: kwanon ba don ci kaɗai aka tara shi ba, don a shigo a gani ne. Augustus ɗin nan ne a 1730 ya sa aka gasa Stollen mai nauyin kusan tan biyu don baƙinsa a wani atisayen soja a Zeithain. Sannan a ƙarni na 19 aka sauya yadda ake kawo abinci. Da, ana jere komai a lokaci guda, teburi ya cika maƙil. Sabon salon, wanda ake dangantawa da jakadan Rasha a Paris, Alexander Kurakin, shi ne a riƙa kawowa kala bayan kala. Tsakiyar teburi ta zama fili, aka cike ta da furanni da kyandir da 'ya'yan itace, kowane mai ci kuma aka jera masa cokula da wuƙaƙe da kofuna gwargwadon yawan abin da za a kawo. Shirin teburin da mujallu ke koyarwa yau daga nan ya samo asali, kuma a gidajen da ke da barori aka ƙirƙiro shi, shi ya sa yake gajiyar da matar da ke yinsa ita kaɗai.

Ma'aikacin Landan kuwa dinya yake ci, ita ma da adashi: ana zuba 'yan kwabbai kowane mako a gidan shaƙatawa na unguwa, a karɓi dinya a Disamba, a kai wa mai gidan burodi ya gasa, don gidajen haya ba su da murhun gashi. Talo-talo, wanda daga nahiyar Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16, na masu kuɗi ne. Daga Norfolk ake koro su a ƙafa har Landan. Littafin Charles Dickens na 1843, A Christmas Carol, ya nuna wannan bambanci, inda iyalin akawu ke murna da dinya, maigidan da ya tuba kuma ya aika musu da ƙaton talo-talo. A shekarar ce kuma Henry Cole ya sa aka buga katin gaisuwar Kirsimeti na farko, guda 1,000.

Rabuwar bishiya da abinci a wani ƙauye mai suna Lauscha ta faru, a dajin Thuringia, inda ake sana'ar gilashi tun 1597. Wajen 1847 masu hura gilashi na can suka fara yin siffar tuffa da ƙwayoyin itace. Da aka kawo wa garin iskar gas a 1867, wutar ta yi ƙarfin da za a iya hura ƙwallo mai girma da siririn jiki, aka kuma koyi shafe cikinsa da ruwan azurfa bisa hanyar Justus von Liebig. Aikin a cikin gida ake yinsa. Uba na hurawa, uwa na zuba azurfa, yara na shafa launi da maƙala marataya, dillalan garin Sonneberg su saya da arha su fitar. A 1880 F. W. Woolworth, mai kantunan kayan araha a Amurka, ya karɓi kaɗan ba da son ransa ba, suka ƙare cikin kwana biyu, daga baya ya riƙa zuwa Jamus da kansa yana saye da yawa. Bayan shekara biyu, a 1882, Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya naɗa ƙwayayen lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a bishiyar gidansa a New York. An daɗe kafin talaka ya iya saye, amma gobarar kyandir ta ci gidaje da yawa, don haka lantarki ya yi nasara. Daga nan ado ya zama abin da ake naɗewa a kwali a ajiye sai baɗi.

Ƙarni na 20 ya nuna cewa hukumomi sun gane ƙarfin abin. A 1927 hukumar tallata kayan daular Birtaniya ta yaɗa tsarin haɗa fudin, abincin zaƙi na Kirsimeti, daga mai dafa wa Sarki George na Biyar abinci, kowane sinadari daga wani yanki na daular: zabibi daga Ostareliya da Afirka ta Kudu, kanumfari daga Zanzibar, barasar rake daga Jamaika. Mulkin mallaka ne aka dafa aka ɗora a faranti. Tarayyar Sobiyet kuwa ta hana bishiyar a ƙarshen shekarun 1920, amma ranar 28 ga Disamba 1935 wani jigon jam'iyya, Pavel Postyshev, ya rubuta a jaridar Pravda cewa a mayar wa yara da ita. Ta dawo a matsayin bishiyar Sabuwar Shekara, da jan tauraro a kanta, har yau kuma a Rasha daren 31 ga Disamba ne daren babban teburi, da salak ɗin Olivier da lemun tanjarin.

In aka tambaye ni teburin da ya fi riƙe ma'anarsa, na Poland zan nuna. A jajibiri ba a fara ci sai tauraro na farko ya bayyana. Ana sa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin farin ƙyallen teburi don tunawa da sakarkarin da aka kwantar da jariri Almasihu, a kawo abinci kala 12 ba nama a ciki, a gutsura siririn burodi a miƙa wa juna da fatan alheri. Kuma ana ajiye faranti ɗaya da kujera ɗaya ba mai su, don baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba a sayen komai na wannan a kanti, kuma duk ya fi tangaran ɗin Brühl daraja a idona.

Kasuwa dai ta ci gaba da tafiyarta. Da yaƙi ya yanke hanyar Jamus a 1939, kamfanin Corning na Amurka ya juya injin yin ƙwan lantarki ya koma fitar da ƙwallayen ado, abin da iyali guda a Lauscha ba za su iya ƙirgawa ba balle su hura. Bishiyar roba ta biyo baya. Yau kaso mai yawa na kayan adon duniya daga ɗaruruwan masana'antu na birnin Yiwu na ƙasar Sin yake fitowa, kuma irinsu ne ake gani a kasuwannin Jos da Kaduna in Disamba ta kama, ko da yake a gidajen Kiristocin Arewa nauyin bikin har yanzu yana kan shinkafa da miya da nama da cincin da ake aika wa maƙwabta. Lauscha kuwa ta faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas bayan 1945, wasu iyalai suka tsallaka yamma da sana'arsu, gwamnati ta haɗe sauran a masana'antarta. Akwai waɗanda suka rage suna hurawa da baki a gaban wutar gas, kuma a 2021 Jamus ta sa sana'arsu cikin jerin al'adun gado da ƙasa za ta kare.